Aiki a Jami'a: A Dama da Kowa

  

Yau hirar tamu za ta kai mu jami'a, ko da yake ƙafarmu ba za ta taka ko zaure ba. Ma'aikatan wurin za mu duba: wa ake ɗauka aiki, wa ake ƙara wa girma, wa ake bari a baya, kuma me ya sa.

Na san wata za ta ce, "Ni da ba na fita sai da dalili, ina ruwana da ma'aikatan jami'a?" Da ruwanki, uwargida. Ki tuna ranar da kika je awo, kina ta addu'a a zuci Allah ya sa likita mace za ki tarar. To, wannan likitar jami'a ce ta horar da ita, a Asibitin Malam Aminu Kano, ko a Shika, ko a Sakkwato, ko a Maiduguri. Malamar da ke koya wa 'yarki lissafi a sakandare, galibi daga jami'a ta fito. Idan mata suka yi ƙaranci cikin masu koyarwa a can sama, ƙarancin zai gangaro har ɗakin haihuwa ya same ki. Ban da wannan, wataƙila akwai 'yarki ko ƙanwarki ko matar ɗanki da ke karatu yanzu, gobe ita ce za ta kai takardar neman aiki.

Ita jami'a gari guda ce. Akwai malamai masu ba da lacca, akwai akawuna da masu buga takardu, akwai ma'aikatan ɗakin karatu da na ɗakin gwaje-gwaje, akwai nas-nas a asibitin makaranta, ga direbobi, masinjoji, masu gadi da masu shara. A saman su duka akwai shugaban jami'a, da magatakarda, da ma'aji. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wadda aka buɗe a 1962, dubban mutane ne ke cin abinci a cikinta. Haka Jami'ar Bayero ta Kano da ta Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Duk inda abinci ya tara mutane haka, dole a yi maganar rabo.

Masu nazarin wannan harka sun kasa ta uku. Na farko, a tara mutane iri-iri a wurin aiki: maza da mata, Musulmi da Kirista, Bahaushe da Bayarabe da Inyamuri da Babarbare, mai ƙafa da mai keken guragu. Na biyu, a yi adalci a tsakaninsu. Na uku, a dama da kowa, wato a sa shi cikin shawara, a saurari maganarsa.

Bari mu tsaya a kan na biyun, don nan ne mutane suka fi ruɗewa, alhali ke kin san shi tun daga tsakar gida. A gidan da ke da mata biyu, girki kwana bibbiyu ne, ba a fifita wata. Wannan shi ne raba daidai. Amma ranar da ɗaya ta haihu, ai ɗauke mata girki ake yi har ta yi arba'in, a dafa mata ruwan wanka, a dama mata kunun kanwa. Akwai mai hankalin da zai ce an yi son kai? Babu. An duba halin da take ciki ne aka ba ta abin da ya dace da ita, in ta warware ta koma layi. To, wannan shi ne adalcin da ake nema a wurin aiki: a duba nauyin da ke kan kowa kafin a auna gudunsa.

A takarda dai Nijeriya ba ta rasa dokoki ba. Tsarin mulkin 1999, sashe na 42, ya hana a nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda ƙabilarsa, ko garin asalinsa, ko addininsa, ko don kasancewarsa namiji ko mace. Sashe na 14 kuma ya ce kada wata jiha ko wata ƙabila ta mamaye ma'aikatun gwamnati. Saboda haka ne ma aka kafa Hukumar Raba Daidai ta Tarayya tun 1996, don ta sa ido a kan yadda ake raba guraben aiki tsakanin jihohi, kuma jami'o'in tarayya suna cikin wuraren da take dubawa. Sai dai ita wannan hukuma jiha take ƙirgawa. Jiha za ta iya cika kasonta kaf da maza, lissafi ya fita daidai, ba a ga mace ko ɗaya ba.

Don toshe wannan giɓi, a 2006 gwamnati ta fito da manufar ƙasa a kan al'amuran mata, wadda ta nemi a ba mata kashi 35 cikin 100 na muƙamai. Shekaru suka yi ta tafiya ba a cika ba, har ƙungiyoyin mata suka kai ƙara. A watan Afrilun 2022 Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ta ce lallai gwamnati ta cika wannan alkawari. Kin ga ke nan shekara 16 tsakanin alkawari da hukuncin kotu. Rubuta doka daban, aiki da ita daban.

A jami'a kuwa, dubi yadda tafiyar ta kasance. An buɗe kwalejin da ta zama Jami'ar Ibadan a 1948, ita ce ta fari a ƙasar nan. Sai a 1985 mace ta fara shugabantar wata jami'a a Nijeriya, wato Farfesa Grace Alele-Williams, malamar lissafi, a Jami'ar Benin. Shekara 37 ke nan ana jira. A nan Arewa, Farfesa Gambo Laraba Abdullahi, mutuniyar Azare, ta riƙe Jami'ar Abuja a farkon shekarun 2000. Farfesa Fatima Batul Mukhtar ta shugabanci Jami'ar Tarayya ta Dutse daga 2016 zuwa 2021. Farfesa Ruƙayyatu Ahmed Rufa'i, wadda ta koyar a Jami'ar Bayero, ta zama ministar ilimi daga 2010 zuwa 2013. Abin alfahari ne. Amma ki lura, da yake muna iya lissafa su da sunayensu a cikin ɗan wannan lokaci, alama ce ba su da yawa.

Me ke rage su a hanya, alhali 'yan mata suna cin jarrabawa kamar kowa? Amsar tana cikin matakalar aikin. Malamin jami'a yakan fara ne daga mataimaki mai digiri ɗaya, ya hau zuwa mataimakin lakcara, sai lakcara mai daraja ta biyu, sai ta ɗaya, sai babban lakcara, sai mai jiran zama farfesa, sannan farfesa. Hawa bakwai ke nan, kuma galibi sai an yi aƙalla shekara uku a kan kowane mataki kafin a duba mutum. Shekarun kaɗai ba su isa ba. Sai ya yi digiri na biyu, ya yi na uku wanda ake ce wa digirin digirgir, ya yi bincike, ya rubuta maƙaloli an buga su a mujallun masana, ya halarci tarurruka a wasu garuruwa, wani lokaci har ƙasar waje. Ranar ƙarin girma ƙirga waɗannan rubuce-rubuce ake yi, a ba su maki.

Yanzu ɗauki yarinya ta gama digiri tana da shekara 23, ta yi bautar ƙasa shekara guda, aka ɗauke ta aiki. Shekara 15 ɗin da za su biyo baya su ne na hawan wannan matakala. Su ne kuma shekarun aure, da laulayi, da goyo, da yaye, da jinyar yaro mai baƙon dauro. Abokin aikinta namiji ya tashi daga ofis ya koma gida, ya tarar an gama abinci, ya ci, ya shiga ɗaki ya buɗe littafi. Ita kuwa ta dawo ta ɗora tukunya, ta yi wa yara wanka, ta duba aikin makarantarsu, sai dare ya raba sannan ta jawo takardun ɗalibai tana gyangyaɗi. An ba shi gurbin ƙaro karatu a Malesiya, ya ɗauki jaka ya tafi. Ita an ba ta, sai an zauna an yi shawara: wa zai riƙe yara, maigida ya yarda, surukai za su ce me? Bayan shekara goma shi yana babban lakcara, ita tana nan a mataki na uku, sai a ce ai mata ba su da himma. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

To me ake yi a kan haka? Akwai hutun haihuwa. Dokar ƙwadago ta ba da mako 12, a aikin gwamnatin tarayya kuwa mako 16 ne, kuma mai shayarwa tana da sassaucin lokacin aiki bayan ta dawo. A 2019 Jihar Kaduna ta mayar da na ma'aikatanta wata shida. A 2021 gwamnatin tarayya ta amince wa maza ma'aikatanta hutun kwana 14 idan matansu suka haihu, don su kama hidima. Kowace jami'a kuma tana da littafin ƙa'idojin aikinta, kuma ya kamata duk ma'aikaciya ta nemi nata ta karanta, don haƙƙin da ba ki sani ba ba za ki nema ba. Wasu jami'o'in sun buɗe cibiyoyin nazarin al'amuran mata, kamar wadda ke Jami'ar Bayero.

Sauran gyare-gyaren ƙanana ne a ido, amma su ne ke riƙe mace a bakin aiki. Gidan raino a cikin makaranta, inda za ta leƙa ta ba da nono ta koma aji. A daina sa taron sashe da yamma liƙis, lokacin da yara ke dawowa daga Islamiyya. A tallata gurbin aiki a jarida kowa ya gani, maimakon a raba shi a majalisar dare inda mace ba ta zuwa. A sa mata cikin kwamitin da ke ganawa da masu neman aiki da wanda ke duba ƙarin girma. Sannan a samar da ofishin da mace za ta kai kuka idan wani na sama da ita ya neme ta da lalata, a kuma rufa mata asiri, kada mai ƙara ta koma abin zargi. Wannan matsala ba ƙage ba ce. A 2018 kotu ta ɗaure wani farfesa a kudancin ƙasar nan shekara biyu saboda neman ɗalibarsa a bakin maki, kuma a 2019 BBC ta fito da binciken asiri a kan irin wannan ɗabi'a a jami'o'in Legas da Gana. Inda aka hukunta mai laifi a fili, iyaye sun fi sakin jiki su bar 'ya'yansu su je.

Sai 'yan uwanmu masu buƙata ta musamman: makafi, kurame, guragu. A watan Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar da ta hana nuna musu bambanci. Dokar ta nemi ma'aikatun gwamnati su yi iya ƙoƙarinsu su ba su aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aiki. Ta ba da shekara biyar a gyara gine-ginen gwamnati yadda mai keke zai iya shiga, kuma wa'adin ya cika a Janairun 2024. Wanda aka kama da laifin nuna bambanci, tarar naira 100,000 ce ko ɗaurin wata shida ko duka biyun, in kuwa kamfani ne ko hukuma, naira miliyan 1. A 2020 aka kafa musu hukumarsu ta ƙasa. Ki duba, in an ɗauki gurgu aiki amma aka ba shi ofis a hawa na uku, ga matakala ba wata hanya, an ɗauke shi ko an kore shi? In an ɗauki kurma amma ba mai yi masa maganar hannu a wurin taro, yana zaune ne kawai ana yanke shawara a kansa. Wannan shi ya sa aka ce a dama da kowa. Makaho yana iya koyarwa sarai in an ba shi littattafai da rubutun makafi da kwamfuta mai karanta masa rubutu, kuma akwai makafin da suke koyarwa a manyan makarantun ƙasar nan.

Ba kowa ne ya yarda da wannan tsari ba, kuma gara mu ji ta bakinsu. Suna cewa jami'a wurin ilimi ce, a ɗauki wanda ya fi cancanta kawai, kada a duba jinsi ko jiha. A Amurka, inda aka daɗe ana buɗe ofisoshi na musamman don wannan aiki a jami'o'i, gardamar ta yi zafi ƙwarai. A watan Yunin 2023 Kotun Ƙolin ƙasar ta hana duba launin fata wajen ɗaukar ɗalibai, a Janairun 2025 kuma Shugaba Trump ya ba da umarnin rufe irin waɗannan shirye-shirye a ma'aikatun gwamnatin tarayyarsu. A nan gida ma akwai masu kukan cewa rabon jiha-jiha ya zama ƙofar alfarma, manya suna cusa 'ya'yansu da sunan cike gurbin jiha.

Maganarsu tana da ƙamshin gaskiya. Ba wadda ke son likitan da bai iya aiki ba ya taɓa ta, mace ce ko namiji. Kuma wadda aka ba kujera don kawai a ce akwai mace, ita ce za ta fara shan raini. Abin da nake gani shi ne, cancanta ba ta bayyana sai an ba mutum filin nuna ta. A bar jarrabawa yadda take, a bar maki yadda yake, amma a tabbatar kowa ya ji labarin gurbin, kowa ya iya shiga ɗakin, kuma ba a ɗora wa mai goyo laifin watannin da ta yi tana jego ba. In an yi haka, wanda ya ci ya ci da guminsa.

Yanzu bari mu dawo gida, don rabin wannan aiki a hannunki yake, uwargida. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Na farko, takardu. Ki adana takardar haihuwar kowane yaro, da ta shaidar asalin ƙaramar hukuma, da sakamakon jarrabawa, a leda, a ƙasan akwati, inda gara da ruwa ba za su kai ba. Ki tabbatar suna da ranar haihuwa iri ɗaya ne a kowace takarda, don bambancin harafi ɗaya yakan jawo wahala. Ki kuma san wannan: a ƙa'idar Hukumar Raba Daidai, matar aure jihar asalinta ake lissafa mata a aikin tarayya, ko da ta auri mutumin wata jiha. Saboda haka takardar garin mahaifinta tana nan da amfaninta bayan aure, kada a yar.

Na biyu, in Allah ya ba ki yaro mai nakasa, kada ki ɓoye shi a ƙuryar ɗaki, kada kuma a miƙa masa ƙoƙon bara. Ki matsa wa maigida da lallami a kai shi makaranta. Akwai makarantun kurame da makafi, irin ta Tudun Maliki a Kano, kuma hukumar JAMB tana shirya wa makafi jarrabawar shiga jami'a a cibiyoyi na musamman. Wancan kashi 5 da doka ta ambata, mai takarda ne zai ci shi.

Na uku, maganar aure. In yarinya tana karatu ko tana aiki, a yi maganar ci gabanta tun wurin neman aure, a gaban waliyyai, kowa ya ji. Alkawarin da saurayi ya yi a zaure shi da ita kaɗai, sau da yawa ba ya kai wata shida.

Na huɗu, ke suruka, ke kaka, ke yaya. Idan matar ɗanki tana aiki a jami'a ta dawo a gajiye, kalmar da za ta fito daga bakinki tana iya ƙarfafa ta, tana iya sa ta ajiye aikin. Riƙe mata jariri na awa uku ranar da take da lacca taimako ne babba. Su ma masu fita aiki, ina jan kunnenku: kada ku raina wadda ke zaune a gida tana riƙe muku yara, ku kyautata mata, ku tuna da ita ranar albashi. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne.

Na biyar, abin da muke faɗa a gaban yara game da wasu ƙabilu da masu wani addini. Yaron da ya tashi yana jin ana zagin mutanen wani yanki a tsakar gida, ranar da ya zama shugaban sashe da wannan kunnen zai saurari ma'aikatansa. Ki tuna kuma ɗanki yana iya samun aiki a Ibadan ko Nsukka, inda shi ne baƙo. Yadda kike so a riƙe shi a can, haka za ki koya masa ya riƙe na wasu a nan.

Na shida, idan 'yarki ta zo miki da kukan wani malami ko wani shugaba a ofis, ki saurare ta tukuna. Kada kalmar farko ta zama "ke me kika yi masa?" Yarinyar da ta san uwarta za ta tsaya mata ita ce ke iya buɗe baki tun abu bai yi nisa ba.

Kada wata ta ɗauka koyarwar mata baƙon abu ne da aka kawo mana daga waje. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, wadda ta rasu a 1864, ta tsara mata malamai da ake kira jajis, tana naɗa musu malfa, suna bi ƙauye-ƙauye suna karantar da mata 'yan uwansu, abin da aka sani da 'Yan Taru. Daga cikin gida ta gudanar da wannan aiki, kuma har yau ana nazarin rubuce-rubucenta a jami'o'in duniya. 'Yarki da ke tsaye gaban allo a Zariya ko Kano, sawun da aka riga aka taka take bi.

To 'yan uwa, lokaci ya yi mana halinsa. Yau da daddare, in yara sun kwanta, ki jawo akwatin nan ki duba takardunsu, ki ga wadda ta ɓata da wadda ba a karɓo ba, gobe ki tuna wa maigida. Allah ya raya mana zuriya, ya ba su abin yi na halal, ya haɗa su da shugabanni masu adalci. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.